Digiri na biyu kan muhalli da lafiyar jama'a: Ina amfaninsa ga yanki irin na Fagam?

A shekarun baya-bayan nan, jami'o'i da dama a ƙasashen Turai sun ɓullo da wani digiri na biyu da ya haɗa ilimin muhalli da na lafiyar ɗan Adam a kwas guda, kuma 'yan Najeriya na cikin masu neman gurbi a cikinsa.

Digirin ba ya mayar da mutum likita, ba ya kuma mayar da shi injiniya. Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake bin sawun cuta tun daga gadon asibiti har zuwa rijiya, ko gona, ko murhun da ta fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutane miliyan 13.7 ne suka mutu sakamakon abubuwan da ke da nasaba da muhalli, kamar gurɓataccen ruwa da hayaƙi da guba, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan mace-macen da aka yi a duniya a shekarar.

To amma karatun na da tsada ƙwarai, kuma tsarin aikin gwamnati a Najeriya bai tanadi wata kujera ta musamman ga mai irin wannan takarda ba.

Don haka tambayar da ke gaban matashin da ya kammala digirin farko daga gari kamar Fagam, a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, ita ce ko tafiyar ta cancanci abin da za ta ci.

Damina ɗaya, matsaloli uku

Fagam na kudancin Jigawa ne, a ɓangaren da ke maƙwabtaka da jihar Bauchi. Yankin, haɗe da Birnin Kudu, ya bambanta da arewacin jihar mai rairayi: ƙasa ce mai duwatsu, ta fi samun ruwan sama, kuma ruwanta na gangarawa ne zuwa kogin Jama'are.

A watan Agustan 2021, ambaliya ta karya gada a ƙauyen Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, inda wata motar fasinja ta afka, mutum 21 suka rasa rayukansu.

A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta fuskanci ɗaya daga cikin annobar kwalara mafi muni da ta gani cikin shekaru masu yawa. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasar, NCDC, ta ce fiye da mutum 111,000 ne ake zaton sun kamu, sama da 3,600 kuma suka mutu.

Jihohi huɗu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, su ne suka kwashi fiye da rabin adadin waɗanda suka kamu.

A takardun gwamnati, karyewar gada aikin ma'aikatar ayyuka ne, kwalara ta ma'aikatar lafiya ce, rijiyoyi kuma na ma'aikatar albarkatun ruwa. Amma ga mazauna karkara duk abu ɗaya ne.

Ruwan da ya cinye hanya shi ne ke cika masai ya yi ambaliya, ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi, sannan ya hana a kai mai amai da gudawa asibiti a kan lokaci. Kwalara kuwa na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i idan ba a mayar masa da ruwan da jikinsa ya zubar ba.

Shekara guda bayan haka, a 2022, aka sake yin ambaliyar da ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

A watan Oktoban shekarar ne aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawo ƙarshen yin bahaya a fili. Nasara ce babba, sai dai ta haifar da wata tambayar: yaya nisan da ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya a ƙasa mai tsagaggen dutse, inda ruwa ke bi ta tsaga ba tare da ƙasa ta tace shi ba?

Likita ba shi da amsar wannan. Masanin duwatsu na da rabinta, masanin ƙwayoyin cuta na da sauran rabin, kuma da wuya su haɗu a ofis ɗaya.

Darasin Zamfara

Babu misalin da ya fi bayyana dalilin kafa irin wannan kwas kamar abin da ya faru a jihar Zamfara a shekarar 2010, wanda har yanzu ake koyar da shi a makarantun kiwon lafiyar jama'a na ƙasashen waje.

A farkon shekarar, yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Suna amai, suna jijjiga, wasu su suma ba su farfaɗo ba.

Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, domin alamominsu sun yi kama. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma yaran suka ci gaba da mutuwa.

Sai da aka aika da jinin wasu yara ɗakin gwaji a Turai kafin aka tabbatar cewa gubar dalma ce.

Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya a lokacin, mutanen ƙauyukan suka koma haƙar duwatsu masu ɗauke da ita. Ana kawo duwatsun cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin da aka saba niƙa hatsi. Duwatsun kuwa cike suke da dalma, ƙurarsu na sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki.

Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta gudanar tare da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. A jimlace an ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu.

Wani abin lura shi ne, kafin mutuwar yaran ta tsananta, mazauna ƙauyukan sun ga agwaginsu suna mutuwa. Babu wanda ya danganta abin da lafiyar mutane, domin babu wanda aikinsa ne ya haɗa labarin dabba da na ɗan Adam.

Maganin ma bai tsaya a asibiti ba. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci sun dage cewa ba ta da amfani idan yaro zai koma kwana a kan ƙasar da ta sa masa gubar.

Dole sai da injiniyoyin muhalli suka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka binne ta a wajen gari, aka zubo sabuwa. Dole sai da sarakuna da masu unguwanni suka shawo kan jama'a a fitar da aikin niƙa daga cikin gidaje, tunda hana haƙar baki ɗaya ba zai yiwu ba ga mutanen da ita ce abincinsu.

A garin Bagega, aikin sharewar bai fara ba sai a 2013, bayan matsin lambar da ƙungiyoyin farar hula suka yi wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Likita, da masanin ma'adinai, da injiniya, da likitan dabbobi, da masanin halayyar al'umma, da ɗan jarida, duk sun taka rawa. Abin da aka fi ƙarancinsa a lokacin shi ne mutumin da ke jin yaren kowannensu.

Abin da ake koyarwa

Sunan kwas ɗin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. A Jami'ar Exeter da ke Ingila ana kiransa muhalli da lafiyar ɗan Adam, kuma wata cibiyar bincike da aka buɗe a 2011 a yankin Cornwall ce ke koyar da shi.

Makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, wadda aka kafa a 1899, na da kwas kan tsarin da ake kira Lafiya Ɗaya, wanda take gudanarwa tare da kwalejin likitancin dabbobi ta birnin. Tsarin ya ginu ne kan cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli ba sa rabuwa, kasancewar kusan kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin mutum daga dabbobi suka samo asali.

Makarantar ta kuma buɗe wani kwas kan sauyin yanayi da lafiya. Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan ta fi ba da ƙarfi kan guba da auna abin da mutum ke shaƙa ko yake ci, yayin da Jami'ar Edinburgh ke koyar da nata kwas ɗin na Lafiya Ɗaya ta intanet.

A Birtaniya karatun shekara guda ne cif, daga Satumba zuwa Satumba. A Holan da Jamus da sauran ƙasashen Turai yawanci shekara biyu ne.

Duk da bambancin suna, ƙashin bayan karatun ɗaya ne, wato ilimin bin diddigin cututtuka a cikin al'umma da kuma ƙididdiga. A nan ne ɗalibai da yawa ke shan wuya, musamman waɗanda suka rabu da lissafi tun sakandare, domin cikin 'yan makonni ake so mutum ya iya sarrafa alƙaluma da manhajar kwamfuta.

Daga nan sai ilimin guba, da zana taswirar cuta a kwamfuta, da hanyoyin tattaunawa da jama'a don jin yadda suke kallon matsalarsu, da yadda ake rubuta wa masu mulki shawara a shafi biyu. Watanni uku zuwa huɗu na ƙarshe kuma na kundin bincike ne.

A aji guda za a iya samun ma'aikaciyar jinya, da masanin labarin ƙasa, da likitan dabbobi, da wanda ya karanta ilimin zamantakewa. Wannan cakuɗa ita ce ƙarfin kwas ɗin, ita ce kuma rauninsa, domin shekara ɗaya ba ta isa a zurfafa a fanni biyar ba.

Wanda ya je da sana'a a hannunsa yakan dawo da ita ta ƙara faɗi. Wanda ya je hannu rabbana kuwa, yakan dawo ya san kaɗan-kaɗan daga kowane fanni, ba tare da akwai wanda za a damƙa masa a ce shi ne gwaninsa ba.

Akwai kuma batun misalan da ake koyarwa da su. Cibiyar da ke Cornwall ta yi suna ne kan binciken teku da lafiyar masu wanka a cikinsa, da amfanin wuraren shaƙatawa ga tsofaffi, abubuwan da suka yi nisa da damuwar manomin Gwaram.

Sai dai ba duka ne suka yi nisa ba. Cornwall ƙasar duwatsu ce da ta shahara da haƙar kuza tun zamanin da, kamar Filato, kuma an samu sinadarin arsenik fiye da ƙima a wasu rijiyoyin gidajen yankin.

Duwatsun Fagam da Birnin Kudu da Dutse na cikin jerin duwatsun da suka miƙo daga tsaunukan Jos zuwa arewa. A Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe, bincike ya nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, iyakar da WHO ta gindaya, abin da ke sa haƙoran yara su yi ja.

Dabarar da ake bi a gwada rijiya a Cornwall, a kuma danganta sakamakon da lafiyar masu shan ruwan, ita ce dai za a bi a gwada rijiyar burtsatse a kowane ƙauye na yankin dutse. Abin da ɗalibi ke sayowa da kuɗinsa ke nan, hanyar aiki, ba misalan aji ba.

Batun kuɗi

A nan ne mafarkin mutane da yawa ke tsayawa.

Kuɗin makaranta na irin wannan digiri a Birtaniya, ga ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa, yawanci ya haura fam 20,000, a manyan makarantun Landan kuma ya fi haka nesa.

Kafin a ba da biza, sai ɗalibi ya nuna cewa yana da kuɗin zama na wata tara, kuma kuɗin sun kwana 28 a asusunsa. A watan Janairun 2025 an ƙayyade fam 1,483 a wata ga mai zama a Landan, fam 1,136 kuma ga na wajenta, sannan aka sake ƙarawa kafin ƙarshen shekarar.

Ban da wannan akwai kuɗin biza, da harajin kiwon lafiya wanda aka ɗaga zuwa fam 776 a shekara a Fabrairun 2024, da gwajin tarin fuka, da tikitin jirgi.

Bayan da gwamnatin Najeriya ta bar kasuwa ta yi wa naira farashi a watan Yunin 2023, dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, fam ɗaya kuma ya wuce naira 2,000. A wannan lissafi, kuɗin makaranta kaɗai ya kai naira miliyan 40, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata.

A watan Mayun 2024 an ba da rahoton yadda aka dakatar da wasu ɗalibai 'yan Najeriya daga Jami'ar Teesside, aka kuma umarce su da su bar Birtaniya, saboda faɗuwar naira ta sa sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci.

Iyalin da ke tunanin sayar da gona ko shanu don biyan kashin farko, da fatan yaro zai yi aiki a can ya biya sauran, ya kamata su san cewa doka ta taƙaita wa ɗalibi aiki zuwa sa'a 20 a mako lokacin karatu.

Tun daga Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Amurka ma, a Disambar 2025, ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ba 'yan ƙasarsu biza, har da ta ɗalibai.

A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma a 2024 an ƙayyade cewa sai ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 na shekara guda a wani asusu na musamman, kuma wasu kwasa-kwasan lafiyar ƙasa da ƙasa na da nasu kuɗin.

Saboda haka ga mafi yawan mutane, hanya ɗaya ce ta rage, ita ce tallafin karatu.

Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, na biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi. Sharuɗɗansa sun haɗa da aƙalla shekara biyu ta aiki, da alƙawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa. Akwai kuma tallafin ƙungiyar Commonwealth, da na hukumar DAAD ta Jamus wanda shi ma ke neman shekara biyu ta aiki, da shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai inda ɗalibi ke karatu a ƙasashe biyu ko uku, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi.

A gida kuwa ƙofofi sun ragu. Asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman manyan makarantu waje, ya dakatar da wannan ɓangare daga Janairun 2025.

Gwamnatocin Jigawa sun tura ɗalibai ƙasashe kamar China da Sudan da Cyprus, sai dai galibi karatun likitanci ne. Dalilin a fili yake, ganin ƙarancin likitoci a jihar, amma hakan na nufin kuɗin jama'a na tafiya ne wajen horar da masu jinyar mara lafiya, ba masu hana shi kwanciya ba.

Masu tantance takardun neman tallafi na karanta dubban wasiƙu daga mutanen da ke cewa suna son taimakon Afirka. Mai neman da ya yi shekara biyu a asibitin karkara ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya kuma iya faɗin unguwar da gudawa ke fara ɓulla duk damina da rijiyar da yake zargi, yana da abin da ɗan birni mai kyakkyawan Turanci ba shi da shi.

Ko dole sai an fita waje?

Wannan fanni ba baƙo ba ne a arewacin Najeriya. Tun 1932 aka kafa makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda ta yaye duba-gari, mutanen da dattawa ke tunawa da yadda suke leƙa randa da kwata da mahauta, ana shakkarsu fiye da ɗan doka.

A Jigawa akwai kwalejin fasahar kiwon lafiya a Jahun, da kwalejin jinya da ungozoma da kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

Jami'ar Bayero ta Kano na da cibiyar nazarin lafiyar al'umma da ta noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, dukkansu sun samu tallafin Bankin Duniya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma na da tsangayar likitancin dabbobi, kuma tana cikin jami'o'in da ke ba da digiri a shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a 2008, wanda ke haɗa likitocin mutane da na dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji.

Ga wanda burinsa shi ne ƙarin girma a wurin aiki, digirin gida ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na na waje ba.

Abin da waje ya fi gida da shi shi ne na'urorin gwaji masu aiki, da ɗakin karatu, da jadawalin da yajin aiki ba ya katsewa, da kuma sanin mutanen da ke riƙe da kuɗin bincike.

Tsakanin biyun akwai karatu ta intanet, wanda ke ɗaukar shekara biyu zuwa uku ba tare da mutum ya bar aikinsa ko iyalinsa ba, kuma Commonwealth na da tallafi na musamman a kansa. Ga matan aure da ma'aikatan gwamnati, sau da yawa wannan ce hanyar da ta fi yiwuwa, matuƙar akwai lantarki da intanet mai ƙarfi, abin da ba kowane ƙauye ke da shi ba.

Bayan an dawo

Digirin ba lasisi ba ne. Aikin jami'in lafiyar muhalli na ƙarƙashin wata majalisa ce da dokar 2002 ta kafa, aka kuma yi wa dokar gyara a 2022, kuma tana da nata sharuɗɗan rajista. Takardar da aka samo a waje ma sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance ta, kuma a Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardun bogi.

A 2019 Najeriya ta ƙaddamar da shirin Lafiya Ɗaya na shekara biyar, wanda ma'aikatun lafiya da noma da muhalli suka sanya wa hannu. Amma a jihohi da ƙananan hukumomi, ana ɗaukar ma'aikaci ne bisa digirinsa na farko, kowace ma'aikata da kasafinta.

Ƙungiyoyin agaji su ne suka fi ɗaukar masu irin wannan horo, sai dai rushe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya rage guraben aiki a ɓangaren. Sauran wuraren sun haɗa da jami'o'i, da NCDC, da hukumar kiyaye dokokin muhalli ta NESREA, da shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja.

Aikin yi dai bai ƙare ba, ko da kujerun sun yi kaɗan.

Tsakanin Oktoban 2022 da Afrilun 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu da sanƙarau a Najeriya a Jigawa suke, cutar da ke bin lokacin ƙura da zafi da cunkoson ɗaki. A Gashuwa ta jihar Yobe da kwarin Haɗeja an daɗe ana kokawa kan yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin Yobe ta nemi haɗin gwiwar masana daga Birtaniya domin a binciki ruwa da ƙasa da abincin yankin.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da Turawa suka ƙi, shi ne ake dafawa a gidajen ƙasar.

Sai kuma batun madatsar ruwa ta Kafin Zaki, wadda aka tsara ginawa a kan kogin Jama'are a yankin Ningi na jihar Bauchi, aka fara ta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar, aka kuma sha tayar da maganarta. Muhawarar da aka yi a kanta ta fi karkata ne kan noman rani a Bauchi da kuma ruwan da zai ragu wa Yobe da Borno.

Ba a cika jin batun lafiya a muhawarar ba, alhali tarihi ya nuna yana da muhimmanci. Bayan kammala madatsar Diama a kan kogin Senegal a 1986, ruwa ya daina gishiri ya kuma kwanta, katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya ta yaɗu, kuma cikin shekara biyu cutar ta ɓarke a garin Richard Toll, inda a da ba a san nau'inta mai kama hanji ba.

A kwarin Haɗeja ma, madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwa ke tafiya, kacalla ta toshe hanyoyinsa, ta zama maɓoyar sauro da tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta a yi nazarin tasirin kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton ga jama'a su faɗi ra'ayinsu. Rahoton kan zo ne da ɗaruruwan shafuka cikin Turancin masana, kuma kwana 21 na aiki kawai ake bayarwa don a karanta shi a kai ƙorafi.